Mata Miliyan Tara Da Aka Ce An Ƙona A Turai: Ina Lissafin Ya Fito?



Hutun da ya wuce, wani ɗan ƙanena da ke karatu a jami'a ya zo Maraɗi da wani ɗan littafi na Faransanci. Ya ce jika biyu ya saye shi wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai bakin hanya a Yamai. Littafi ne na masu fara koyon abin da Turawa ke kira maita da addinin kakanninsu na da. Yaron bai saya don ya shiga abin ba, son sani ne kawai irin na ɗalibi. Da dare muna zaune fada ana jiran shayi na biyu, sai ya buɗe wani shafi ya ce mini: "Baba, ashe mata miliyan tara Coci ta ƙona da wuta a Turai?" Kowa ya yi tsit. Wani ya ce ai Turawa sun fi haka ma. Ni dai na ce ya bar mini littafin in kwana da shi.

Kafin mu shiga, akwai kalmar da za ta ruɗa mu in ba mu warware ta ba. In Bahaushe ya ce maye ko mayya, yana nufin mai kama kurwar mutum ya cinye. Mutanen Turai na shekaru 400 da sunka wuce su ma kusan haka suke nufi: maƙwabciya mai mugun baki da ke sa yaro ya kwanta ko saniya ta ƙafe, kuma malamansu sunka ƙara da cewa ta yi alkawari da Shaiɗan. Amma waɗanda ke rubuta irin littafin ga a yau, in sun kira kansu da wannan suna, suna nufin mabiya wani addini mai suna Wika, mai girmama wata da rana da damina da ƙasa, mai bukukuwa takwas a shekara. Ba ƴan kaɗan ba ne kuma. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, mutum wajen 74,000 sun ce addininsu na gargajiyar Turai ne, wasu wajen 13,000 sunka ce Wika. Addininsu tsakaninsu da shi, ba shi ya kawo mu ba. Tarihin da ake sakawa a shafukan farko na littattafansu shi ne maganarmu, don shi ne ke tsallaka teku ya iso har fadarmu.

Labarin da littafin ya bayar mai daɗin ji ne. Ya ce tun zamanin da mutane ke zaune cikin kogon dutse akwai addini guda a Turai duka, mata ke shugabancinsa. Da Kiristanci ya zo sai mabiyansa sunka ɓuya, uwa na koya wa ɗiya a asirce. Coci ta gano su, ta bi su tana ƙonawa, ungozomomi da masu maganin gargajiya, har miliyan tara. Ƴan kaɗan sunka tsira da sirrin har zuwa yau.

Mu fara da miliyan taran, don ita ce aka san ranar haihuwarta da sunan ubanta. Sunansa Gottfried Christian Voigt, ma'aikacin hukumar wani ƙaramin gari ne na Jamus mai suna Quedlinburg. A 1784 ya duba tsofaffin takardun shari'a na garinsu, ya ƙiyasta cewa cikin shekara wajen 30 na ƙarshen ƙarni na 16 an kashe mutum kamar 40 da sunan maita. Sai ya ɗauki alƙalami. Ya ce in 40 ne cikin shekara 30, to cikin shekara 100 an kashe 133 ke nan. Ya ɗauki wannan ya auna da yawan mutanen Turai gaba ɗaya, kamar a ce kowane gari ya yi abin da garinsu ya yi, ya samu 858,454 a kowane ƙarni. Daga nan ya ce ai abin ya yi ƙarni 11 ana yinsa, ya ninka, lissafi ya tashi 9,442,994.

Kun ga yadda lambar ta fito tsaf har da ƴan canjinta, kamar wanda ya ƙirga gawa ɗaya bayan ɗaya. Alhali kamar mutum ne ya je wani ƙauye a shekarar da fari sunka cinye hatsi, ya ƙirga buhun da aka yi asara, sa'an nan ya ce kowane ƙauye daga Difa har Tera haka yake asara kowace shekara tun zamanin Bayajida. Shekarun da Voigt ya ɗauka suna cikin mafi muni, ƙasarsu kuma ita ce inda abin ya fi tsanani a duniya. Ƙarni 11 ɗin nan ma babu su. Shi mutumin nufinsa mai kyau ne, yana son ya nuna wa mutanen zamaninsa illar camfi. Amma lissafinsa ruɓaɓɓe ne tun daga tushe.

Lambar ba ta mutu da shi ba. Duk mai faɗa da Cocin Katolika ya same ta a ajiye kamar sanda a bakin ƙofa. A 1893 wata Ba'amurkiya mai fafutukar ƴancin mata, Matilda Joslyn Gage, ta saka ta cikin littafinta. A Jamus ta Hitler an yi amfani da labarin don a ce Coci ta hallaka matan Jamusawa na asali. Himmler, shugaban dakarun SS, har ma'aikata ya kafa a 1935 su bi ɗakunan ajiyar takardu suna tattara shari'o'in maita. Sun yi shekara tara suna aiki, katin da sunka cika bai wuce dubu talatin da ƴan kai ba. Bayan yaƙi lambar ta koma Ingila da Amurka, ta shiga littattafan fafutukar mata na shekarun 1970, ta shiga wani fim na Kanada a 1990. Ko littafin ƙagaggen labarin nan na Dan Brown da ya fito a 2003, wanda da yawa cikinku sun karanta da Faransanci ko sun ga fim ɗinsa, ya rage ta ne kawai zuwa miliyan biyar. Wani masanin tarihi Bajamushe, Wolfgang Behringer, shi ya bi sawun lambar a 1998 har ya kai ta ƙofar gidan Voigt.

To nawa ne gaskiyar? Masanan da sunka zauna sunka ƙirga takardun kotu gari gari, tun daga shekarun 1970, sun tsaya tsakanin mutum 40,000 zuwa 60,000 da anka kashe, daga wajen 1450 zuwa 1750. Kusan rabinsu a ƙasashen Jamus. Kada wani ya ce ashe kaɗan ne. Mutum dubu hamsin gari ne guda, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya aikata abin da anka kashe shi dominsa. Mata sun fi yawa, kamar uku ko huɗu cikin kowane biyar. Amma a Aisilan kusan duk maza ne, a Rasha da yankin Normandi na Faransa ma maza sun rinjaya. Littafin ɗan ƙanena bai ambaci namiji ko ɗaya ba.

Lokacin ma an sauya shi. Ana cewa zamanin duhun kai ne na tsakiyar tarihin Turai, alhali tsananin abin ya faɗo tsakanin 1560 da 1630, lokacin da Turai ke da injin buga littafi da jami'o'i da lauyoyi, jiragenta na ruwa na zagaya duniya. Masu ilimi ne sunka yi aikin, da takarda da hatimi.

Yanzu sai maganar tsohon addinin da ya ɓuya. Ita ma tana da uwa: Margaret Murray, Baturiyar Ingila da anka haifa a Kalkata ta Indiya a 1863, ta rasu 1963 tana da shekara 100 cif. Masaniya ce ta gaske, amma a fannin tarihin Masar ta Fir'auna. Lokacin yaƙin duniya na farko hanyar zuwa Masar ta toshe, sai ta juya ga takardun shari'ar mayu na ƙasarta. A 1921 ta fitar da littafi tana cewa waɗanda anka kashe mabiya wani tsohon addini ne mai bautar wani abin bauta mai ƙaho, suna taruwa ƙungiya ƙungiya ta mutum 13, kuma Shaiɗan ɗin da suke faɗa a kotu shugabansu ne, mutum ne sanye da fatar dabba. Masana fannin ba su karɓa ba tun lokacin. Amma a 1929 babban kundin sani na Britannica ya ba ta ta rubuta babin maita, ta rubuta ra'ayinta kamar tabbataccen abu, kuma babin ya zauna cikin kundin wajen shekara 40. Duk ɗan lakwal da marubucin da ya buɗe kundin, abin da ya tarar ke nan.

Sai a 1975 wani masani, Norman Cohn, ya yi abin da ya kamata a yi tun farko: ya ɗauko takardun asali ya ajiye gefe da gefe da abin da Murray ta kwafo. Abin da ya gani ya isa. Inda wadda ake tuhuma ta ce mun taru da dare mun ci nama mun yi rawa, Murray ta kwafa. Inda matar nan dai, a layi na gaba, ta ce ta hau kara ta tashi sama, ko ta rikiɗa ta zama dabba, sai Murray ta tsallake. Misali wata mata ƴar Sikotilan, Isobel Gowdie, wadda ta yi bayani gaban masu bincike a 1662. Daga bakinta anka samu zancen ƙungiyar mutum 13. Amma ita ɗin ce ta ce tana zama zomo, tana tashi bisa tsinken ciyawa, ta kuma ci abinci wurin sarauniyar aljanu a cikin tudu. In ka yarda da rabin maganarta don ya yi kama da hankali, ka ɓoye rabin da bai yi ba, ai ba ita ke magana ba kuma, kai ne.

Kuma ta yaya ake samun irin wannan ikirari? A nan nake son ku tsaya ku ji labarin Johannes Junius. Magajin garin Bamberg ne a Jamus, dattijo mai shekara 55, Kirista mai zuwa majami'a. An riga an kashe matarsa da sunan maita. A 1628 anka kama shi. Takardar kotu ta nuna ya amsa laifi, ya faɗi yadda ya bi Shaiɗan, ya je taron mayu, ya ambaci sunayen mutane. Da wannan takarda kaɗai ta rage, da mai irin ra'ayin Murray ya ce ga shaida. Sai dai akwai takarda ta biyu. Daga kurkuku ya rubuta wa ɗiyarsa Veronica wasiƙa a ɓoye, ranar 24 ga Yuli, da hannuwan da anka murƙushe masa da ƙarfe har ya yi kwanaki kafin ya gama ta. Ya gaya mata an matse masa yatsu har jini ya fito ta farce, an ɗaure hannuwansa ta baya an ja shi sama an sako, ba sau ɗaya ba. Ya ce mai azabtarwar da kansa ya roƙe shi ya ƙirƙiro wani abu ya faɗa, don ba za a bar shi ba sai ya amsa. Ya ce an riƙa ambata masa titunan garin ɗaya bayan ɗaya ana cewa ya faɗi mayen da ke kowane titi. Waɗanda sunka ba da shaida a kansa ma sun nemi gafararsa, sun ce su ma tilas anka yi musu. Ya ce mata duk abin da ya faɗa ƙarya ce, ya mutu ba shi da laifi. Wasiƙar na nan ajiye a ɗakin karatu na Bamberg har gobe. A ƴan shekarun nan kaɗai garin ya kashe mutum ɗaruruwa, haka ma maƙwabcinsa Würzburg, har da yara da limaman Coci.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai game da littafin. Mutum ya mutu yana rantsuwa da Allah cewa shi ba maye ba ne, bayan shekara 300 wani ya zo ya rubuta cewa ai maye ne, amma na kirki. Alƙalin Bamberg ya ƙaƙaba masa suna don ya kashe shi, marubucin yau ya sake ƙaƙaba masa don ya samu kakanni.

Wanda ya haɗa duk wannan ya zama addini shi ne Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin mulkin mallaka na Ingila a Malaya, wanda ya yi ritaya ya koma gida a 1936. Ya ce a 1939 wata ƙungiya ta asiri a kudancin Ingila ta shigar da shi cikinta. A 1951 Ingila ta soke tsohuwar dokar maita ta 1735, a 1954 ya fitar da littafinsa, kuma Murray ce ta rubuta masa gabatarwa. Da anka bincika littafin ibadarsa, an tarar da guntaye daga rubutun Aleister Crowley, wanda ya rasu a 1947, da tsarin ƙungiyar Firimason, da littattafan tsafi da anka buga a ƙarni na 19. Almajirarsa Doreen Valiente ta gane wasu wuraren, ta faɗa masa, ta kuma sake rubuta da yawa da hannunta. Ronald Hutton na jami'ar Bristol ya bi tarihin duka a littafinsa na 1999. Addini ne da anka haifa a Ingila a ƙarni na 20. Kakannin wasunmu sun girme shi.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna da yawa kamar tsakuwa cikin shinkafa. An ce an ƙona mayu a Salem ta Amurka a 1692: ba a ƙona kowa ba, 19 anka rataye, dattijo ɗaya anka danne da duwatsu har ya mutu. A Ingila ma rataya ake yi. An ce ungozomomi anka fi bi: binciken David Harley na 1990 ya nuna ba haka ba ne, sau da yawa ma su kotu ke kira su duba jikin wadda ake tuhuma. Bukukuwa takwas ɗin da ake cewa na kaka da kakanni, babu wata al'umma ta da da ta yi su takwas ɗin tare, a shekarun 1950 anka haɗa su, sunayen wasu kuma wani Ba'amurke, Aidan Kelly, ya raɗa a shekarun 1970. Akwai ma littafin da ya saka dankalin Turawa cikin tsohon addinin mutanen Ailan, alhali dankalin daga Amurka ta Kudu ya zo, bai taka Turai ba sai ƙarni na 16.

Me ya sa ba a gyara? Mai rubuta littafin masu farawa ba ya zuwa ɗakin ajiyar takardu, littafin da ya gabace shi yake kwafa, mai fassara ya juya shi Faransanci, kamfani ya buga don yana sayuwa. Amma in za a yi adalci, daga cikin mabiyan ne wasu sunka fi kowa tsayawa kan gyaran. Wata daga cikinsu, Jenny Gibbons, ta rubuta a 1998 tana gaya wa ƴan uwanta su bar lambar nan don ba ta da tushe, kuma da yawansu yau suna faɗa da bakinsu cewa addininsu sabo ne.

Mu ma mun san yadda littafi ke sake wa mutum kama. Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, sojan Faransa sun ambace ta cikin layi kaɗan, sunka kira ta tsohuwar mayya, da kalmar nan dai da kakanninsu ke kai mata wuta da ita. Yawancin abin da ɗan lakwal ke faɗa a kanta yau daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 ya fito da fim ɗin Med Hondo na 1986. Aiki ne mai daraja, amma ƙagaggen labari ne bisa abin da ya faru, kuma mutanen Lugu na da nasu zancen da ya kamata a je a ji daga bakinsu.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da mu. Labarin miliyan tara yana ɗora laifin duka kan Coci, kamar wata hukuma ce daga nesa ta zo ta afka wa talakawa. Coci ba ta fita ba: wani ɗan Cocin, Heinrich Kramer, shi ya rubuta mugun littafin farautar mayu a 1486, kuma Bamberg da Würzburg bishop ne ke sarautarsu. Amma yawancin shari'o'in kotunan gari ne sunka yi su, a ƙasar Katolika da ta Furotesta duka, kuma ƙarar daga maƙwabta take tasowa. Yaro ya yi zazzaɓi ya mutu, ƙanƙara ta kashe gona, sai a tuna wata tsohuwa ta zo roƙon madara an hana ta, ta tafi tana gunaguni. Wanda ya taɓa zama ƙauye a ƙasar nan, ya ga yaro na fizge-fizgen zazzaɓin cizon sauro yana kiran sunan wata tsohuwa, mutane sunka taru a ƙofarta ana cewa ta zo ta tsallaka shi, ya san wannan labari ba sai an fassara masa ba.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa gane haka a zamanin ma'aikacin kotun Cocin Sipaniya ne, kotun nan da littafin ɗan ƙanena ya fi zagi. A 1610 kotun ta ƙona mutum shida da ransu a garin Logroño, bayan wata tuhuma da ta taso daga ƙauyen Zugarramurdi kusa da iyakar Faransa. Tsoro ya bazu cikin duwatsun yankin, yara sunka fara cewa ana ɗaukarsu da dare ana kai su taron mayu. Sai anka aiki ɗaya daga cikin alƙalan, Alonso de Salazar Frías, ya zagaya ƙauyukan a 1611. Ya yi wata takwas yana yawo, ya saurari mutum 1,802, daga ciki 1,384 yara ne. Bai tsaya ga abin da sunka faɗa ba. Ya kai wasu wurin da sunka ce ana taron, ɗaya bayan ɗaya, ya ga bakinsu bai zo ɗaya ba. Man shafawar da anka ce da shi ake tashi sama, ya sa anka gwada, ya fito ba komai. Ya tambayi mutanen gida, sunka ce yaran na kwance kan shimfiɗarsu a daren da sunka ce sun tashi. Ya rubuta wa shugabanninsa cewa bai samu shaida ko ɗaya ba ta cewa an yi maita, kuma ƙauyukan ba su san da mayu ba sai da anka fara wa'azi da zance a kansu. Shawararsa ita ce a yi shiru, a hana tuhumar fili. Abokan aikinsa biyu sun yi masa ca, har sunka ce Shaiɗan ne ya ruɗe shi. A 1614 majalisar ƙoli ta kotun ta bi ra'ayinsa, ta fitar da sababbin ƙa'idoji masu tsaurara neman shaida, kuma kotun ba ta sake ƙona kowa da sunan maita ba. Shekara 14 bayan haka ne anka kama Junius a Bamberg.

Na duba littafin ɗan ƙanena daga bango zuwa bango, sunan Salazar bai fito ba, na Junius ma haka. Da zai koma Yamai na mayar masa da abinsa, na rubuta masa sunayen biyu da bik a cikin bangon farko.